Fok ɗin keken dutse ga mahayi mai nauyi: abin da kowannenmu ya gani

Abban Khalil:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mahaya. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki su faɗa mini abin da suka gani a kan hanya da kansu. Nauyina kilo 112 ne, idan kuma na sa hular kwano da takalma, na goya jakar ruwa da kayan gyara, sikeli yana nuna 117. Kekena mai taya inci 29 ne, ba shi da shokazoba a baya, kuma fok ɗin da ya zo da shi, wato ƙafafu biyun da suke riƙe tayar gaba suna shanye gargada, na iska ne, kaurin bututunsa na sama milimita 32, yana nutsewa milimita 120, ana kuma ɗaure tayarsa da siririn tsinken nan mai maɗauri da ake buɗewa da hannu.

Matsalar tana bayyana ne a gangare. Da zarar na kama birkin gaba da ƙarfi sai fok ɗin ya nutse kusan gaba ɗaya, nauyina ya koma kan hannuwana, har in ji kamar zan wuce ta saman kan keken. Na ƙara iska har psi 160 (psi shi ne ma'aunin matsin iska) domin in hana wannan, nutsewar ta ragu, amma sai ya zama kowane ƙaramin dutse yana dukana a tafin hannu, bayan awa ɗaya yatsuna sun yi sanyi sun mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a kwana mai duwatsu ina jin faifan birki yana gogar takalminsa, tayar gaba kuma ba ta bin inda na nuna mata. Shin fok ɗin ne ya yi mini ƙanƙanta, ko ni ne ban iya saita shi ba? Idan sauyawa zan yi, me zan duba?

Baba Mai Keke:

Wa'alaikumus salam, Abban Khalil. Na yi shekara uku a kan irin wannan fok ɗin ina da kilo 105, kuma duk abin da ka lissafa na san shi. Gogar faifan nan a kwana ita ce shaidar da ta fi komai, domin a kwana faifai yakan taɓa takalmin birki idan ƙafafun fok ɗin suna murɗewa, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Na daɗe ina zaton iska ce matsalata, ina ƙarawa ina ragewa, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, bututun sama yana zamewa ne a cikin kuben ƙasa a kan wasu zobba da ake kira bushi, guda biyu a kowace ƙafa. Idan mai nauyi ya kama birki ko ya shiga rami, bututun yana ɗan lanƙwasa baya, sai ya danne bushin ta gefe, zamewar ta yi tauri a daidai lokacin da ake bukatar ta yi laushi. Wato taurin da kake ji a hannu ba duka daga iska yake ba, wani sashensa daga maƙalewa ne. Wannan ne ya sa kauri yake da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda yake a wurin mai kilo 65. Idan bangon bututu bai sauya ba, ƙarfinsa na ƙin lanƙwasa yana ƙaruwa da sauri fiye da kaurinsa: daga milimita 32 zuwa 35 ƙarin ya kai kusan kashi 30 cikin 100, zuwa 36 kuwa ya haura kashi 40. Wannan lissafin bututu ne kawai, kafaɗar fok, wadda ta haɗa bututun biyu a sama, da aksil su ma suna da nasu rabon, amma ya isa ya nuna cewa milimita uku ba ƙaramin abu ba ne.

Na koma kan RockShox Pike, mai bututu milimita 35 da aksil mai kaurin milimita 15 wanda ake zurawa ya ratsa ƙafafun biyu ya ɗaure su wuri ɗaya. Ranar farko na bi gangaren da na saba bi, a kwanar da kullum nake rage gudu ina addu'a sai na ga taya ta tsaya a layin da na zaɓa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne hannuwana sun daina ciwo, alhali sabon fok ɗin ban saita shi da laushi fiye da tsohon ba. Ya fi tsohon nauyi da 'yan giram ɗari, amma wanda shi da kekensa suka haura kilo 120 ba zai ji wannan a hawa ba, ni dai ban ji ba.

Maman Iman:

Baba, ban musanta abin da ka faɗa ba, amma ina so in kawo ɗaya ɓangaren, domin ni ban sauya fok ba kuma matsalata ta warware. Kilo 98 nake da kayan hawa, fok ɗina milimita 34 ne mai nutsewar 130, kuma na yi wata shida ina ganin laifinsa kafin in gane cewa ban taɓa auna shi yadda ya kamata ba.

Abban Khalil, ka ce ka kai psi 160, amma ba ka faɗa mana nawa fok ɗin yake nutsewa idan ka hau ka tsaya cak ba, wato abin da ake kira sag. Wannan shi ne ma'aunin gaskiya, lambar da ke kan famfo hanya ce kawai ta isa gare shi. Yadda nake yi shi ne, in sa duk kayan da nake hawa da su, wani ya riƙe mini kan keken, in miƙe tsaye a kan feda kamar ina cikin gangare, in ɗan girgiza sau biyu ko uku in natsu, sannan a tura zoben robar da ke jikin bututun ya sauka kan sil, wato robar da ke bakin kuben ƙasa, in sauka a hankali ba tare da na danna ba. Tazarar da zoben ya hau ita ake aunawa. Abin da aka fi nema a fok shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na dukan nutsewarsa, wato a naka mai 120 tsakanin milimita 18 da 24. Ina kyautata zaton a psi 160 naka bai kai haka ba, shi ya sa tayar ba ta manne wa ƙasa. Haka kuma idan kana ƙara iska da yawa, ka riƙa tsayawa kana danna fok ɗin sau da yawa, domin akwai ɗaki na biyu a ƙasan fistin wanda sai an danna yake karɓar rabonsa na iska, idan bai karɓa ba farkon nutsewar zai yi tauri.

Abin da ya sauya mini komai shi ne 'yan robobin nan da ake sawa a cikin ɗakin iska, waɗanda ake kira tokin. Aikinsu rage filin da iska take ciki ne. Iska idan aka matse ta zuwa rabin filinta matsinta yana ninkawa, saboda haka idan filin ya ragu tun farko, matsin yana hawa da sauri yayin da fok ya kusa ƙurewa, farkonsa kuwa yana nan da laushinsa. Na ƙara tokin biyu, na rage iska da psi 12, sai na samu fok da yake lashe ƙananan duwatsu amma ba ya buga ƙarshensa idan na diro daga tudu. Sai dai a fitar da iska duka kafin a kwance murfin, kuma kowane fok yana da iyakar tokin da yake ɗauka, wasu ma ba a yi su da wurin sawa ba.

Abu na biyu maɓallin dawowa ne, mai saita saurin miƙewar fok bayan ya nutse, wanda galibi ja ne a ƙasan ƙafar dama. Duk wanda ya sa iska da yawa ya sa ƙarfin da zai harbo fok ɗin sama da sauri, don haka mu masu nauyi dole mu rufe maɓallin fiye da sauran mutane. Nawa a buɗe yake kamar yadda ya zo, shi ya sa gaban keken yake tsalle bayan kowane dutse. Na zaɓi guntun hanya ɗaya mai tsawon kamar minti biyu, na yi ta maimaita ta ina juya maɓallin ƙas ɗaya a kowane zagaye, ban taɓa wani abu ba, har na isa inda taya take dawowa ƙasa ba ta yi tsalle ba kuma ba ta maƙale a ƙasa ba.

Baba Mai Keke:

Gaskiyarki, Maman Iman, kuma ya kamata ya gwada wannan kafin komai. Sai dai ki lura fok ɗinki 34 ne da aksil mai ratsawa, kin kuma fi shi sauƙin nauyi da kusan kilo 20. Tokin yana gyara nutsewa, amma ba zai hana ƙafa murɗewa ba. Kuma a tsohon fok ɗina na rufe maɓallin dawowa har ƙarshe bai isa ba, domin damfar da ke ciki, wato na'urar da take rage saurin motsin fok da mai, ba a yi ta don irin wannan matsin ba.

Bakanike:

Ni gyaran kekuna ne sana'ata, kuma ni ma ina da kilo 101, don haka ina ganin abin ta fuska biyu. Abban Khalil, kafin ka ƙyalla ido a kan kowane fok, ka fara da kekenka, domin na sha ganin an kawo mini sabon fok mai kyau wanda ba ya shiga firam ɗin mai shi.

Ka duba wuyan fok ɗin da ke ratsa firam. Akwai miƙaƙƙe mai inci 1 da 1/8 sama da ƙasa, akwai kuma wanda yake buɗewa a ƙasa zuwa inci 1.5. Kusan duk fok masu kauri 34 zuwa sama da irin na biyun suke zuwa, kuma firam ɗin da aka yi wa siririn miƙaƙƙen wuya ba kasafai yake karɓarsu ba. Bayan nan sai hob, wato cibiyar tayar gaba da aksil yake ratsawa. Naka na tsinke ne, sababbin fok kuwa galibi aksil ɗinsu milimita 15 ne a faɗin milimita 110, wanda ake kira Boost, tsofaffi kaɗan kuma 15 a faɗin 100. Ma'ana, sauya fok zai iya jawo sauya hob ko tayar gaba ɗungurungum. Ni a ganina wannan riba ce gare ka, domin siririn tsinken nan yana cikin manyan dalilan gogar faifan da kake ji.

Inda nake so in ja kunne sosai shi ne tsawon nutsewa. Masu nauyi da yawa suna zuwa mini da tunanin cewa tunda suna ƙure milimita 120, maganin shi ne 160. Ba haka ba ne. Kowane firam yana da iyakar tsawon fok da kamfaninsa ya amince da shi, kuma duk ƙarin milimita 20 yana kwantar da kusurwar gaban keke da kusan digiri ɗaya, ya ɗaga tsakiyar keken sama, ya kuma ƙara tsawon sandar da take fizgar wuyan firam duk lokacin da aka kama birki. Wanda yake da nauyi shi ne ya fi kowa ɗora wa wannan wurin wahala. Na taɓa karɓar firam na alminiyum da ya tsage a ƙasan wuya, a daidai walda, mai shi ya ɗora masa fok da ya wuce iyakarsa da milimita 40, kuma Allah ya sa wajen wanki ya gani, ba a gangare ba. Haka nan ka duba littafin kekenka, domin akwai iyakar nauyi da ta haɗa mahayi da keke da kaya. A wasu kamfanoni kilo 136 ce. Kai da kekenka kun kusa kai nan, ya kamata ka san lambar taka.

Game da iska, kada ka kwatanta lambar psi ta fok ɗaya da ta wani. Faɗin fistin ya bambanta, mai faɗin fistin yana ɗaukar nauyi ɗaya da ƙarancin matsi. Abin da nake dubawa wa mai nauyi shi ne jadawalin da ke manne a ƙafar fok ɗin: shin nauyinsa yana cikin jadawalin, kuma tsakanin matsin da yake bukata da iyakar da aka rubuta akwai sauran fili? Idan sai ya kai bakin iyaka kafin ya samu sag ɗinsa, wannan fok ba nasa ba ne. Sannan ka nemi wanda yake da maɓallin saita matsin nutsewa a hankali, wato irin nutsewar da birki da jingina nauyi suke jawowa. Wannan maɓallin shi ne maganin nutsewar birki na ainihi, ba ƙarin iska ba.

Tunda ka taɓo birki, ka duba girman faifan da sabon fok ya yarda da shi. A nauyinmu faifan 160 a gaba yana zafi da wuri a dogon gangare, 180 shi ne mafi ƙaranci, ni kuwa 203 nake sawa.

Ɗan Gangare:

Babu wanda ya ambaci sifirin, bari in faɗi nawa. Kilo 108 nake, kuma kekena na farko da fok mai sifirin ya zo, irin mai sauƙin nan. Sifirin ɗin da ke ciki an yi shi ne don matsakaicin mutum, ni kuwa da na hau sai ya cinye kusan rabin nutsewarsa. Akwai maɓalli a sama da na yi ta ɗaurewa ina zaton yana ƙara wa sifirin ƙarfi, ashe abin da yake yi kawai shi ne danne sifirin tun kafin a hau, ƙarfinsa kuwa yana nan yadda yake. Sakamakon shi ne fok mai tauri a farko wanda duk da haka yake buga ƙarshensa a kowane rami. Daga nan na yanke cewa sifirin ba na masu nauyi ba ne, kuma kuskure na yi.

Yanzu Marzocchi Bomber Z1 mai sifirin nake hawa, bututunsa 36, a kan keke mai shokazoba gaba da baya. Sifirin ɗinsa mataki huɗu ne na ƙarfi, na sa mafi ƙarfin. Abin da nake so a tare da shi shi ne babu sil ɗin iska mai matsi da zai ƙara goga, don haka yana motsi da ƙaramin taɓi, a tsakiyar nutsewa kuma yana riƙe ni sama ba ya zubewa. Ba na duba famfo kafin fita, sanyi ko zafi halinsa ɗaya ne. Amma ba zan ɓoye iyakarsa ba: yana da nauyi, kuma idan mutum ya faɗa tsakanin mataki biyu ko ya wuce mafi ƙarfin, ba shi da yadda zai yi da psi biyar sama ko ƙasa kamar mai iska. A kilo 117 sai ka tabbatar jadawalin sifirin ya kai ka. Ga kuma tsawonsa, wanda ya wuce abin da firam irin naka zai ɗauka.

Abban Sadiq:

Nawa gajere ne. Da na ji ana cewa kauri shi ne magani, sai na tsallake na sayi mai milimita 38, irin ajin Fox 38 da RockShox ZEB da suka fito a 2020, alhali hanyoyin da nake bi masu sauƙi ne, hawa ya fi gangare yawa, kuma ba na diro daga ko'ina. Fok ɗin bai yi laifin komai ba, an yi shi ne don gudu a manyan duwatsu da nutsewar 160 zuwa sama. A hanyata gaban keken ya yi mini nauyi, ban taɓa amfani da fiye da kashi biyu cikin uku na nutsewarsa ba. Na koma 36 mai 150, kilo 110 nake, ya ishe ni. Nauyin mahayi rabin tambayar ne, sauran rabin shi ne irin ƙasar da yake bi da irin gudun da yake yi a kanta.

Abban Khalil:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Maman Iman na auna, a psi 160 zoben milimita 12 kawai ya hau, wato kashi 10 cikin 100. Na rage har na samu milimita 22, na rufe maɓallin dawowa saura ƙas ɗaya ya ƙure. Hannuwana sun samu sauƙi nan take, amma nutsewar birki ta dawo, gogar faifai kuma ba ta tafi ko'ina ba, fok ɗin kuma ba shi da wurin tokin. Malam Bakanike, na duba firam: wuyansa mai buɗewa ne zuwa 1.5, littafin ya ce iyakar fok milimita 130. Shin in tsaya a 120 ko in hau 130?

Bakanike:

Ka hau 130, yana cikin iyakar, kuma rabin digirin da zai ƙara maka zai taimake ka a gangare. A wannan tsawon za ka samu 34 da 35, a nauyinka ni 35 zan ɗauka. Idan za a ɗaura maka sabuwar tayar gaba, ka nemi mai sifok 32 da rim mai faɗi, domin taya mai lanƙwasa tana iya ɓata duk abin da fok mai ƙarfi ya gyara.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa a nan shi ne sabis. RockShox suna cewa a buɗe kuben ƙasa a sauya mai duk bayan awa 50 na hawa, cikakken sabis kuma a awa 200, Fox kuwa awa 125 ko shekara ɗaya. Fok ɗin mahayi mai nauyi idan na buɗe shi, man nasa ya fi baƙi, bushinsa ya fi cinyewa ta gaba da baya fiye da na mara nauyi, ko da awoyin da suka yi a hanya daidai suke. Ni nawa ba na bari ya kai awa 50. Kuma idan ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ƙwas-ƙwas, ko kafaɗar fok ta fara ƙara, kada ka jira, ka kai a duba a gane ko boris ɗin wuya ne ya saki, ko bushi ne, ko kafaɗar ce.

Abban Khalil:

Ga bayanin yadda abin ya kasance, bayan mako shida da kusan awa 25 a kan sabon fok. Mai bututu 35 ne, nutsewa 130, aksil 15 a faɗin 110, da sabuwar taya mai sifok 32 da faifai 180. Na fara da lambar jadawali, sannan na auna, na tsaya a psi 118 inda zoben yake hawa milimita 26. Da tokin ɗaya ina ƙure shi a wurin dirowa guda biyu da ke hanyata, da uku kuma milimita 20 na ƙarshe ba sa aiki ko kaɗan, sai na zauna a biyu. Maɓallin dawowa yana da sauran ƙas huɗu kafin ya rufe, na matsin nutsewa kuma na ƙara masa uku daga buɗe, nutsewar birki ta zama abin da zan iya sarrafawa da jikina.

Gogar faifai ta ɗauke gaba ɗaya. Baba Mai Keke, abin da ka ce game da hannu haka na same shi, na yi awa biyu da rabi ranar Asabar yatsuna ba su mutu ba. Abin da ya rage mini yanzu shi ne bayan keken, domin tunda gaba ya daina tsorata ni na ƙara gudu, tayar baya kuma ta fara dukan rim a duwatsun da a da nake kauce musu. Na ƙara mata psi uku, kuma zan nemi taya mai kaurin gefe idan wannan ta cinye.